Makanikin da Tayarsa Ba Ta Kama Ƙasa

Akwai wani mutum makaniki, yana da wata tsohuwar mota ja wadda yake ƙauna fiye da abincinsa. Shekara uku yana aiki a kanta. Ya cire kujerun baya don ta yi sauƙi, ya sa mata wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi wanda ake kira turbo, aikinsa ya hura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. In ya taka totur sai motar ta yi fito, kajin unguwa su watse.

A bayan garinsu akwai tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi. Ran Asabar masu irin waɗannan motoci sukan taru can, su jera biyu biyu, a sauke tuta, su fizga a miƙe ba kwana, tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa rafi ba. Da rana tsaka kwaltar takan yi ƙyalli kamar ruwa ya kwanta a kanta. Mutumin nan yakan tsaya ya zuba wa ruwan nan ido, yana ganin kansa a ciki, motarsa tana tafiya shiru kamar kwalekwale, ita kaɗai a gaba. Abu ɗaya yake so a duniya: ko sau ɗaya ya riga wata farar mota isa ƙarshen filin.

Amma kullum aka sauke tuta, sai tayoyinsa su yi ta juyawa wuri guda suna kuka, hayaƙi ya turnuƙe. Kafin su kama ƙasa, farar mota ta yi nisa. Har aka sa masa suna Mai Hayaƙi. Mai farar motar yakan leƙo ta taga ya ce, "Mai Hayaƙi, yau ma bandar kifi za ka yi mana?"

Me makanikin ya yi? Ya koma gareji ya ƙara wa inji ƙarfi. Hayaƙi ya ƙaru. Ya sake ƙarawa. Tayoyin kuwa yakan sa a cika su da iska har su yi tauri kamar dutse, gama tun yana jan motar kaya ya riƙe a ransa cewa taya mai tauri ita ce mai gudu.

Ana nan sai idanunsa suka fara dushewa. Likita ya ce masa bayan damina ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Saura Asabar ɗaya kafin ruwa ya sauka a daina taruwa.

Ran wannan Asabar ɗin ya kai motar wurin Baba Habila, wani tsoho mai faci da ke zama a gindin ɗorawa a bakin filin. Ya ce, "Baba, ƙara mata iska."

Tsohon ya danna tayar da babban yatsa, ya ce, "Wannan taya ce ko turmi?" Ya ɗebo ruwa a gwangwani ya jiƙa ta, ya ce a tura motar gaba kaɗan. Sawun da ta bari a kwalta siriri ne. Ya auna shi da hannu. "Yatsu uku, ɗana. Wahalarka ta shekara uku a kan yatsu uku take tsaye. Rage iskar, ta zauna ta baje. Kuma kada ka saki kuloci kamar wanda ya taka garwashi. Sake shi kamar kana kwantar da jariri mai barci."

Makanikin ya ce, "Baba, mutane za su ce tayata ta yi faci."

"To yanzu me suke cewa?"

Sai makanikin ya durƙusa, ya karɓi ƙusa a hannun tsohon, ya danna bawul ɗin tayar. Iska ta yi ta fita, tayar tana sauka a hankali har ta shimfiɗa kamar tafin raƙumi.

Da suka jera, mai farar motar ya dubi ƙasa ya yi dariya. "Yau ba kifi, sai faci?"

Aka sauke tuta. Ba kuka, ba hayaƙi. Motar ta ɗan tsuguna ta baya, ta riƙe kwalta, ta tafi. Ya ji kujera ta rungume bayansa. Ruwan nan mai ƙyalli yana tahowa, ya shiga cikinsa, komai ya yi fari ya yi shiru. Ya duba gabansa bai ga farar mota ba, zuciyarsa ta faɗi, ya ce a ransa, shi ke nan, idon ya ƙarasa mutuwa. Sai da ya taka birki ya tsaya a ƙarshen filin, sa'an nan ya ji ƙararta tana isowa daga bayansa.

Ma'anar wannan misali kuwa, ku buɗe kunne, ba zan maimaita ba. Injin nan shi ne baiwar da Ubangiji ya ba kowannenku: murya, ƙwaƙwalwa, ƙarfin jiki, bakin addu'a. Tayar ita ce inda kuke taɓa ƙasa, wato gidanku, uwarku, maƙwabciyar da ba ta da lafiya, tsintsiyar da ke jiranku da safe. Iskar da ta yi yawa ita ce ganin kai da tsoron abin da mutane za su ce. Na ga masu waƙa a majami'a har rufi ya amsa, a gida kuwa ko ruwan sha ba su miƙa wa kakarsu. Hayaƙi ne wannan. Ana jin ƙararku, ba inda kuka je. Kuna ta roƙon Allah ya ƙara muku, alhali abin da ya riga ya ba ku bai sami wurin takawa ba.

Duk macen da ta taɓa hawa gaɓar rafi da tulu a ka bayan an yi ruwa ta san wannan. Ba da ƙarfi ake fita ba. Baje ƙafa ake yi, a buɗe yatsu, a yi takun farko a hankali. Mai hanzari tana komawa gida da katangar fasasshen tulu a hannu.

Mutumin nan Asabar ɗaya ta rage masa, kuma an gaya masa. Ku ba wanda ya gaya muku nawa suka rage. Saboda haka yau in kun koma gida, kafin ku cire kayan Lahadi, ku nemi wanda ya daɗe yana gaya muku gaskiya kuna ƙi, ku durƙusa, ku karɓi ƙusar.