Turken Nahoda Famau

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta bakin kwata a tsibirin Lamu, ana ce masa Nahoda Famau, wato Famau matuƙin jirgin ruwa. Ya fi shekara arba'in yana tuƙa jirginsa na katako tsakanin tsibirai, bai taɓa ɗaura masa inji ba. Iska ce ke tura filafilansa na yadi. In ta ɗauke, ya jawo gora ya dinga tokarar ƙasa har ya isa.

Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye muku ba. Amma taurin kan wanda ya san aikinsa ne.

Ɗan ƙanwarsa, Shebwana, ya dawo daga aiki a Mombasa da wani farin jirgi mai inji biyu. Ba a yi wata uku ba matasa suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu jirage. Da hawansa sai ga doka: duk jirgin da ba shi da inji ya tuge turkensa daga kwata, ya koma bayan kasuwar kifi. Can kuwa ba fasinja, sai kuliyoyi. Wanda aka tura can, sana'arsa ta mutu ke nan.

Jirage tara dokar ta shafa. Masu takwas daga ciki suka haƙura suna haɗiyar baƙin ciki. Famau kuwa mahaifinsa ne ya kafa turken da yake ɗaure jirgi.

Shebwana da kansa ya kawo masa takardar.

"Kawu, ba raini ba ne," in ji shi. "Zamani ne ya wuce ku. Inda kake wuni kafin ka kai, ni kafin shayi ya huce na isa."

Famau ya karɓi takardar, ya murɗe ta, ya toshe wata 'yar kafa a jikin jirgi da ita.

"Na gode, ɗana. Dama ruwa na ɗan shigo min ta nan."

A makon ne wani ɗan kasuwa, Bwana Lali, zai kai ɗansa ɗaurin aure Siyu, wani gari a wani tsibirin. Ya yi hayar jiragensu su biyun. Ango da manyan baƙi a na Shebwana. Gado, buhunan shinkafa, awaki biyu da tsofaffin mata uku a na Famau. Nan take matasan kwata suka raɗa masa suna jirgin awaki.

Famau ya miƙe a gaban kowa.

"Shebwana, gobe in angonka ya taka Siyu kafin awakin nan, ni da hannuna zan tuge turkena. In awaki suka riga shi, dokarka ta faɗi."

"Na yarda, Kawu. Ka fara neman madiga."

"Kuma don kada ka ce ban gaya maka ba, gobe shida ga wata. Ruwa raguwa yake kullum. Ka tashi da asuba."

"Kawu, ni da inji nake tafiya, ba da wata ba."

Aka kwashe da dariya. Ni ina wurin, kuma dariyar ta ƙona min rai. Famau ya ce: "Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara."

Siyu dai ba a shigarta sai ta wani siririn mashigi a cikin kurmin mikoko, itatuwan da ke tsirowa a lakar bakin teku, kuma sai ruwan teku ya cika. Daga tsayuwar wata da 'yan kwanaki, cikar yau ba ta kai ta jiya. Haka take ta ja baya kafin ta sake kawowa.

Ana sallame asuba Famau ya kwance igiya. Iska ta ba shi haɗin kai, ya shiga mashigin daidai lokacin da ruwa ya cika maƙil.

Shi kuwa Shebwana sai da baƙinsa suka karya da gahawa da mahamri, wani soyayyen burodi, aka yi hotuna, sannan aka tashi da hantsi. Da suka iso bakin mashigin, ruwa ya riga ya juya, ya fara janyewa. Maimakon ya bi a hankali, sai ya tuna wata gajeriyar hanya da ya bi makon jiya lokacin babban ruwa. Ya karkata can, ya buɗe wa injinan wuta.

Jirgin ya hau tudun laka da gudu, ya kafe. Farfela biyu suka karye. Hular ango ta faɗa ruwa.

A lokacin Famau ya daɗe da sauke kaya, yana zaune a ƙofar gidan amarya ana ba shi halwa, alawar biki. Aka bugo waya aka faɗa masa abin da ya faru.

Ɗaya daga cikin tsofaffin da ya kawo ta ce, "Zauna abinka, Famau, ai ka ci nasara. Bar su su sha rana, su san da manya a gari."

"Da Shebwana na yi gardama," in ji shi, "ba da amarya ba."

Ya tashi ya ɗauki gorarsa. Jirgin katako in ba kaya, ruwa iya gwiwa ya ishe shi. Dattijo mai shekara saba'in ya dinga tokarawa, gumi na zuba, har ya matso kusa da su. Ango ya tuɓe farar rigarsa ya ɗora a ka, ya ratso laka har cinya. Manyan baƙi suka biyo shi, takalma a hannu, duk suka shiga jirgin Famau. Kafin la'asar aka ɗaura aure.

Shebwana ya ƙi barin jirginsa. Ya ce da yamma ruwa zai ɗaga shi. Ruwa ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, ya koma. Washegari ya tsaya nesa da inda ya tsaya jiya.

Rana ta uku Famau ya zo wucewa da 'yan biki masu komawa gida. Ya ajiye wa ɗan ƙanwarsa jarkar ruwan sha da ƙunshin shinkafa. Shebwana ya rame, sauro ya yi masa kaca-kaca.

"Kawu, yaushe ruwa zai dawo?"

"Ai kai ne shugaba. Ka tara ƙungiya ku rubuta masa takarda."

Shebwana ya sunkuyar da kai. "Na ji, Kawu. Turkenka ba wanda zai taɓa shi."

"Nawa? Ba alfarma na zo nema ba. Mu tara ne, kuma dokar gaba ɗaya muka yi magana a kanta. In ba ka shirya ba, ka ci gaba da gadin kaguwa."

Shebwana ya dubi jirginsa kwance a kan laka. Sannan ya ciro waya, ya kira sakataren ƙungiya a gaban 'yan biki, ya ce a cire sanarwar dokar daga bango.

"Madalla," in ji Famau. "Laraba bayan azahar ruwa zai zo ƙarƙashinka. Ka kwashe duk abin da ke da nauyi."

Ranar Laraba jirage tara suka shigo mashigin da igiyoyi. Ruwa ya zo a lokacin da dattijon ya faɗa. Suka ja, farin jirgi ya zame daga laka, Famau ya ɗaure shi a bayan nasa. Tafiyar ta kai su har magariba kafin su ga kwatar Lamu, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo, kuma ba wanda ya ji Shebwana ya ce a yi sauri.

Darasi: Sabon kayan aiki ba ya maye gurbin sani, kuma muƙami ba lasisin korar na gaba da kai ba ne. In kana kan gaskiya, kada yawan masu dariya ya sa ka tuge turkenka. In kuma ka yi nasara, kada ka karɓe ta kai kaɗai ka bar 'yan'uwanka a baya. Ku tura wa wanda ake so a ture shi gefe a wurin sana'arsa, ku tura wa mai turewar ma.