Barmo Ɗan Gizo, Ɗan Cikin Tulu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo ne Ƙoƙi ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Barmo. Gizo ya ce ɗansa ba zai yi birgima a ƙasa da 'ya'yan talakawa ba. Ya samo ƙaton tulu ya zura shi ciki, ta bakin tulun ake ba shi tuwo, ta nan ake ba shi ilimi.

Ɗan Kurege ya zo. "Baba Gizo, Barmo ya fito mu yi tsere."

"Tafi can, mai ƙafar kaushi!" Ya leƙa tulu. "Barmo, gudu ɗaga ƙafa ne da sauri. Ka iya?"

"Na iya, Baba."

'Yar Biri ta zo, a je hawan tsamiya. Gizo ya kore ta, ya ce wa tulu hawa gudu ne, amma sama ake yi. Ɗan Kwaɗo ya zo, a je iyo. Shi ko amsa bai samu ba, sai jifa.

Ƙoƙi ta ce, "Malam, yaron nan ko faɗuwa bai taɓa yi ba."

"To, faɗuwa gado ce?"

Ran nan da rana tsaka mafarauta suka cinna wa daji wuta. Ɗan Kurege ya zura rami, 'yar Biri ta kama reshe, ɗan Kwaɗo tsundum a kududdufi. Gizo ya juye tulu, Barmo ya faɗo, fari sol, luƙui-luƙui.

"Gudu, Barmo!"

"Baba, ƙafafuna takwas. Wacce zan fara ɗagawa?"

Ya waiwaya, babu Baba. Malam tuni ya kai bakin rafi.

Ƙoƙi ce ta dawo cikin hayaƙi, ta ja shi ta ƙafa ɗaya har ruwa, ɗuwawunsa duk ya babbake. Wata guda a tsaye yake cin tuwo. Da ya warke, da kanta ta kai shi wurin ɗan Kurege ta ce, "Ka kayar min da shi sau goma kafin la'asar."

To, kun ji. Ƙafa ba ta koyon gudu ta kunne, yaron da bai ƙuje gwiwa ba bai san komai ba. Gobe duk wanda na kama a ɗaki yana latsa wayar uwarsa, da muciya zan fito da shi.

Ƙurunƙus kan kusu, ku ɗaga min tabarma.