Rigar Da Ladidi Ta Yi Ta Ragewa

Akwai wata tela a unguwar Treichville ta birnin Abidjan mai suna Ladidi. Mijinta ya rasu ya bar ta da keken ɗinki da 'ya ɗaya, Radiyya. A Abidjan aka haifi yarinyar, Faransancinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, har uwar kan tsokane ta da cewa Hausarta ta ci acheke, abincin rogon garin, ta ƙoshi.

Radiyya na aiki a shagon kawunta Badaruddeen a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé, inda yake sayar da gwanjon kayan mata. In an kwance dila, ita ke sa rigunan a ɗauke ta a waya, masu saye su gani su kira. Siririya ce, duk rigar da ta sa sai ta zauna mata ɗas.

Ashe ramar ba ta lafiya ba ce. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a shago. Likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda ke kama yara da matasa, kuma sai da allurar insulin kullum za ta rayu.

Ta fara allura, jiki ya dawo, kumatu suka ciko. Don murna Ladidi ta sayi atamfa shuɗiya ta ɗinka mata doguwar riga. Ta ce, "Wannan rigar samun lafiya ce."

A shago kuwa labari ya sha bamban. Rannan zif ɗin wata riga ya ƙi rufuwa a bayanta, Kawu Badaruddeen ya kwashe da dariya.

Ya ce, "Ke Radiyya, allurar nan taki yis ake zuba mata? Kin tashi kamar burodi. In taille ɗin nan, awon kayanmu, ta ƙi ki, ai sai in nemo wata yarinyar."

Mutum ne mai barkwanci, kafin la'asar ya manta ya faɗa. Ita ba ta manta ba. A ƙarƙashin bidiyonta ma mutane suka yi ta rubuta cewa ta yi ƙiba, tana karantawa a cikin gbaka, motar hayar da ke mai da ita gida, tana share hawaye da gefen mayafi.

Daga nan ta tsani allurar, ta koma tsoron abinci. In an zuba mata sai ta yi ta juya cokali. Wani lokaci yunwa ta ci ƙarfinta, ta ɓuya ta ci aloko, soyayyar ayaba, har ya yi mata yawa, sannan ta zauna tana kuka.

Ladidi ba sakarar uwa ba ce. Kullum da safe sai ta duba kwalbar maganin a firji, ta ga ya ragu. In ta shiga ɗakin Radiyya, warin maganin nan mai kama da na asibiti ya buge ta, sai hankalinta ya kwanta. Wannan warin shi ne shaidarta.

Wata safiya Radiyya ta miƙo shuɗiyar rigar. "Maman, ta yi min yawa, ki ɗan rage min."

Ladidi ta dube ta da kyau. "Ba dai jikin ba?"

"Ça va, lafiya lau, Maman. Zirga-zirgar Adjamé ce kawai."

Ladidi ta hau keke ta rage. Ba a jima ba aka sake kawowa, ta sake ragewa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a daidai lokacin ne kowa ya fara yabon yarinyar. Kawu ya ce tauraruwarsa ta dawo. Masu waya suka ce ta yi kyau. Maƙwabta na tambayarta sirrin. Babu wanda ya tambayi dalilin da take shan ruwa leda bayan leda, ko me ya sa hawa matattakala ke sa ta haki.

Wata ranar Laraba da rana ta ce wa kawunta cikinta na ciwo, za ta gida. Gbaka na tsaye a cunkoson mahaɗar Indénié amai ya ƙwace mata, numfashinta ya koma sama-sama. Fasinjoji ne suka kai ta asibiti, suka kira lambar uwar.

Likita ya tambayi Ladidi, "Yaushe rabonta da allura?"

"Yau da safe, likita. Da hancina na ji warin."

Ya girgiza kai a hankali. "Hajiya, jininta bai nuna haka ba. Ta daɗe tana tsallakewa."

Da yamma Radiyya ta buɗe ido na ɗan lokaci. Ta riƙo yatsan uwarta, muryarta can ƙasa. "Maman, pardon. A matashin kaina nake tsira allurar. Na so in daina, wallahi na kasa."

"Yi shiru, 'yata, ki samu sauƙi tukuna."

Radiyya ba ta sake magana ba. Washegari kafin azahar Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan an kai ta, Ladidi ta shiga ɗakin ta zare rigar matashin. Audugar duk tabo, warin nan da ya yi watanni yana kwantar mata da hankali ya taso mata. Ta rungume matashin ta yi kukan da ba ta yi ba a asibiti.

Ranar sadakar uku, maƙwabta na shigowa suna ce mata "yako", gaisuwar jajen mutanen garin. Badaruddeen ya same ta a gefen keke, shuɗiyar rigar a cinyarta, tana farke ɗinki da reza. Ya durƙusa, idonsa jajur.

"Yaya, wallahi wasa nake yi mata."

Ba ta ɗago ba sai da ta farke layi na ƙarshe. Sannan ta ware rigar, ta koma faɗinta na farko, sawun allurar keke na nan layi-layi a jikin atamfar.

Ta ce, "Na sani, Badaru. Ka ga wannan ɗinkin na can gefe? Ranar da na yi shi, 'yata lafiyarta ƙalau, ranar kuma kuka ce ta lalace. Sauran layukan nan duk ni na yi su da hannuna, ina ragewa ina cewa Masha Allah."

Darasi: Ba kowace rama ce kyau ba, kuma wasa da jikin mutum ba ƙaramin abu ba ne. In mai ciwon suga ya fara ramewa ko gudun abinci, kada ku yaba, ku zauna da shi cikin tausayi, ku raka shi wurin likita da wuri. Ke kuma da kike ɓoye irin wannan, ki faɗa wa wani yau, ciwo ne kuma ana samun taimako. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da ake rage riga yanzu haka.