Tulu Uku na Man Zaitun

Akwai wata gwauruwa a birnin Atina na tsohuwar Girka, Timandara mai tukwane, wadda ta samu tulu uku na man zaitun, ta rasa ɗanta guda ɗaya. Ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba, kuma tana alfahari da hakan.

Ranar kora ta matso, ranar da kowane magidanci ke karce sunan wanda yake so a fitar daga gari shekara goma a jikin tsingaro. Sai Diyon, dillalin masu son yaƙi, ya zo rumfarta da kwando cike da tsingaro, duk an riga an karce suna ɗaya: Nikandaro, dattijon da ke hana yaƙi a majalisa.

"Uwar ciniki, manoman ƙauye ba su iya rubutu ba, kuma sun yarda da ke. Ki raba musu. Ladanki tulu ɗaya na man zaitun."

"Ɗaya? Kai wa kakarka ta shafa a gwiwa."

"Biyu."

"Ɗauki kwandonka, kana tare min rana."

A uku suka daidaita.

Ɗanta Mikon, mai tuƙa jirgin ruwan yaƙi, ya ga kwandon, ya ja ta gefe.

"Inna, in aka kori tsohon nan, mu za a tura teku."

"An taɓa kirana majalisa? Mazan gari su ji da garinsu. Ni ciniki na yi, kuma na ci riba."

Ta raba tsingaron tas, har da zolaya: "Karɓi, baba, na hutar da kai wahalar rubutu!"

Aka kori Nikandaro. Da majalisa ta sake zama, babu wanda ya tashi ya ce a dakata. Aka ɗaga hannuwa aka zaɓi yaƙi, jirage suka tashi. Na Mikon bai dawo ba. Ko gawa ba ta samu ta wanke ba.

Shekara ta zagayo, sai ga Diyon da sabon kwando.

"Uwar ciniki, bana nawa?"

Ta nuna masa lungun rumfa. Tulunan na nan a toshe, ba ta taɓa buɗewa ba.

"Ka taya ɗaya na ƙi, ka taya biyu na ƙi. A uku na sallama maka ɗana, Diyon. Ba ni da wani na sayarwa."

Darasi: Wanda ya sayar da ƙuri'a, tasa ko ta maƙwabcinsa, bai san abin da ya haɗa ya sayar ba sai ranar da aka zo ɗauka. Ku tura wa 'yan uwa kafin mai kwando ya iso ƙofarsu.