Tulun Malam Ukasha a Gidan Yari

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa ta gabas, mai son a kira shi adali, kuma ba laifi, yana iyakar ƙoƙarinsa. Aibinsa ɗaya ne, in ya ji maganar da ta yi wa kunnensa daɗi, ba ya neman ta biyu.

Wata rana ana zaman fada sai wata tsohuwa mai suna Tabawa ta zo ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ya sarki, ɗana Nomau ya yi faɗa a kasuwa, alƙali ya ɗaure shi, ban ce an zalunce shi ba. Amma ya fito ba ya ci, ba ya magana, ko ƙanensa ya dafa kafaɗarsa sai ya zabura. Ni na haife shi, na san an keta masa haddi a gidan yari." Sarki ya sa aka kawo Nomau, ya tambaye shi. Nomau ya dubi ƙasa, ya ce babu abin da ya same shi.

Duk da haka sarki ya aiki Waziri gidan yari ya bincika. Waziri ya tafi da rawaninsa da 'yan rakiyarsa, aka jera masa ɗaurarru a tsakar gida, Yari mai riƙon kurkukun yana tsaye a gefe da bulala a kafaɗa. Waziri ya ɗaga murya ya ce, "A cikinku akwai wanda aka yi wa fyaɗe?" Kai jama'a, wane mahaluki zai ɗaga hannu a nan? Kowa ya ce lafiya lau. Waziri ya komo da wannan albishir, sarki ya yi hamdala, ya ce a sallami tsohuwa.

Tabawa kuwa ba ta sallamu ba. Kullum tana ƙofar fada a zaune, ba roƙo, ba zagi. Da abin ya ishi sarki sai ya aika aka kira Malam Ukasha, wani tsohon alƙali da ya ajiye shari'a ya koma karantarwa a zaurensa, ya ce ya je ya ba ta haƙuri, tun da bincike ya wanke gidan.

Malam Ukasha ya ce, "Ya sarki, in aka tambayi akuya lafiyarta alhali kura na tsaye, amsar ta akuya ce ko ta kura?"

Sarki ya ce, "To, kai je ka ka tambayi akuyar."

Malam ya nemi a fitar da Yari da mutanensa daga gidan yini guda. Ya sa tulu mai ƙaramin baki a cikin wani ɗaki, ya ba kowane ɗaurarre ƙwayar farin wake da ƙwayar tsamiya, ya ce ya shiga shi kaɗai. Wanda aka taɓa keta masa haddi ya jefa tsamiya, wanda bai gamu da haka ba ya jefa wake, ɗayar kuma ya watsa ta a rijiya in ya fito. Sashen mata kuwa bai leƙa ba, matarsa ya tura da nata tulun. Daga nan ya riƙa bin waɗanda aka saki gida gida, yana zama da su a kan tabarma ɗaya, ba ya gaggawa. Kafin kowa ya buɗe baki sai ya rantse masa cewa sunansa ba zai fita ba. Waɗansu suka kore shi, ya tafi bai yi fushi ba. Waɗansu suka yi kuka, suka gaya masa kome.

Ran da ya komo fada ya zazzage tulunan a kan buzu gaban sarki. Waken ya fi yawa, gaskiya ne, amma tsamiyar da ke ciki ta isa ta hana mai imani cin abinci. Kunya ta kama sarki, kuma kunyar manya ba ta daɗewa sai ta koma fushi.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗaurarre ai ba ya rasa ƙarya in yana neman a tausaya masa."

Sarki ya ce, "Malam, tsamiya ba ta rantsuwa a gaban alƙali. Wa aka yi wa? Faɗi sunayensu."

Malam Ukasha ya ce, "Ya sarki, mutanen nan ɗauri biyu aka yi musu, na sarƙa da na kunya. Na farkon kana iya kwance shi, na biyun sai mai shi. In na faɗi suna, wanda ke ciki zai kwana hannun wanda ya cuce shi, wanda ke waje kuma kasuwa za ta nuna shi da baki. Kuma na rantse."

Sarki ya ce, "Yaya za a yi shari'a babu mai ƙara?"

Ya ce, "Mai rijiya ba ya jiran sunan wanda ya faɗa kafin ya gina mata baki. Akwai babban ɗaki inda ake cusa raunana tare da ƙatti, a ja ƙofa. Akwai maza riƙe da mabuɗan sashen mata. Wanda aka cuta kuma ba shi da wurin kai kuka sai gun Yari. Gyara waɗannan, masu ƙara za su zo da ƙafarsu."

Sarki ya ga tsoho yana koya masa mulki a gaban fadawansa, kuma yana ƙaryata Wazirinsa. Idonsa ya rufe. Ya daka tsawa ya ce, "Ni na ce gidana lafiya yake, kai ka ce a'a, sa'an nan ka hana ni shaida? Dogarai, ku kai shi babban ɗakin, ku haɗa shi da ƙattin nan. In ya ga abin da za su yi masa, da kansa zai roƙi a saurare shi."

Dogarai suka kama tsohon. Ba zan ce muku bai ji tsoro ba, don ya fi kowa sanin ɗakin nan. Amma bai nemi afuwa ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Wallahi irin waɗannan mutane ne ake yi wa ƙasa ruwa saboda su. Da aka kai shi bakin zaure sai ya waiwayo ya ce, "Ya sarki, tambaya ɗaya kafin in tafi. Gidan da yake lafiya lau, mene ne a cikin babban ɗakinsa da zai sa tsoho ya karya rantsuwa?"

Sai sarki ya tuna sau nawa ya ji dogarai na tsoratar da ɓarawo da ɗakin nan, fadawa na dariya, shi ma yana murmushi. Ashe ya sani, Waziri ya sani, gari duk ya sani, an dai mai da abin wani ɓangare na horo, ba wanda ya taɓa kiransa da sunansa.

Malam Ukasha ya ce, "Na yi alƙalanci, ya sarki. Na yanke wa mutane ɗauri da tara, amma ban taɓa yanke wa kowa wannan ba. To wa ya yanke shi?"

Sarki ya sauko daga karaga, ya cire hannun dogarai daga jikin tsohon da kansa, ya ce, "Malam, na nemi mai shaida, ashe ni ne. Riƙe sunayenka, ba zan sake tambayarka ba." A wannan zama ya tuɓe Yari, ya sa aka rarraba babban ɗakin, aka ba mata tsaron sashen mata, aka naɗa mai jin kukan ɗaurarru wanda ba ya ƙarƙashin mai kurkuku. Bayan an ga abin da gaske ne, masu ƙara suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya a asirce, aka hukunta waɗanda suka cuce su, ɗaurarru da masu tsaro.

Aka ce tun daga ranar, duk alƙalin da sarkin nan zai naɗa sai ya ce masa, "Wanda ka ɗaure wa hannu, kai ne hannunsa. Azabar da shari'a ba ta yanke ba, in aka yi ta a gidan sarki, sarki ne ya yi ta."