Majigin Zulkifilu da Irin Kaurar Babansa

Akwai wani mutum a Ikara mai suna Zulkifilu, ma'aikaci a sakatariya, kuma autan gidansu. Ni dai duk sanda na tuna abin da ya aikata sai raina ya ɓaci, shi ya sa na ce sai kun ji.

Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Malam, ya rasu ya bar musu gona ɗaya a hanyar Makarfi. Gonar nan wuta-wuta ta yi mata katutu, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. Duk irin da aka shuka sai ta kashe shi.

Amma marigayin bai saduda ba. Shekara arba'in yana bin gonar kowace kaka, yana yanko zangarniyar kaurar da ta fi ƙarfin wuta-wuta yana warewa. Da haka ya samu iri nasa na kansa, wanda babu shi a kowace kasuwa. Da shi gidan ke ci.

Irin nan ba a buhu ake ajiye shi ba. Rataye shi ake yi a azarar wani tsohon ɗaki mai tsawo marar taga, inda mahaifiyarsu, Inna Sabuwa, ke girki. Kullum hayaƙi na bugunsa, ƙwari ba sa ko kusantarsa.

Wata rana Zulkifilu ya je Kaduna, ya ga na'urar haska fim a bango a gidan wani abokinsa, wadda iyayenmu ke kira majigi. Tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. Kuma ba ƙaramar ya so ba, sai babbar, wadda kuɗinta zai sayi babura biyu sababbi. Ya sayo ta, ya ɗauko mai haɗawa daga Zariya.

Mai haɗawa ya zaga gidan ya ce, "Yallaɓai, falonka haske ya yi yawa. Wannan na'ura duhu take so, da dogon bango." Ya leƙa ɗakin Inna, ya ce, "Yawwa! Ga wuri nan. A sa silin, a shafa farin fenti, ko da tsakar rana sai ka yi kallo."

Ko shawara Zulkifilu bai yi da kowa ba. Washegari sai ga leburori suna fito da tukwanen tsohuwa tsakar gida.

Inna ta fito tana dogara sanda. "Auta, me nake gani haka?"

"Inna, gyara zan yi. Zan kafa miki rumfa a waje, ta ma fi iska."

"Ni ba ta kaina nake ba. Irin Malam fa?"

"Za a sussuke a zuba a buhu. Buhu ma ai ajiya ne."

"Ƙwari za su cinye shi, Auta. Irin nan hayaƙi ya sani."

Sai ya yi dariya. Jama'a, dariya fa, a gaban leburori! Ya ce, "Inna, duniya ta wuce nan. Wa ke ajiye iri a hayaƙi yanzu?"

Ana cikin haka yayarsa Ummuhani, wadda ke aure a Likoro, ta sauka daga kan acaɓa. Ta ga zangarniyoyi zube a ƙasa ana takawa, ta ga uwarta tsaye tana share ido da gefen mayafi. Nan take ta hau shi.

"Kai Zulkifilu, kanka ɗaya kuwa? Me wannan akwatin ke yi da talabijin ɗinka ba ya yi?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Hoton cika bango yake. Har zufar goshin ɗan ƙwallo za ki gani."

"Zufar ɗan ƙwallo! Shi ubanka bai yi zufa ba a kan abin da kuke takawa?"

"Don Allah ki daina ɗaga mini murya a gida."

"Gidan ubana ne ni ma!"

Ta sunkuya ta tsince zangarniya bakwai da suka faɗa bayan ƙofa, ta ƙulle a zaninta. Ya bi ta da magana, ya ce, "Kwashe ki kai wa kajinki." Ba ta ko waiwayo ba.

Gaskiya a faɗe ta, majigin ya yi kyau. Aka ɗaure shi da wani ƙarfe a jikin azara, hoto ya fito tangaran. Abokai suka riƙa cika ɗakin ranar Asabar da la'asar, ana ihu, ana "Zulkifilu ka wuce wurin!" Kansa ya ƙara girma. Inna kuwa tana rumfa tana fama da iska a murhu. Ko sau ɗaya ba ta taka ɗakin nan ba, kuma gaisuwarsa ma da ƙyar take amsawa.

Buhun iri yana can a ɗakin ajiya, babu hayaƙi, babu magani, babu mai leƙa shi.

Ruwan shuka ya sauka. Zulkifilu ya kwance bakin buhu ya zura hannu, sai ya ji laushi. Ya ɗebo, gari ne da ƙwari suna yawo. Kowace ƙwaya an huda ta an cinye cikinta. Duk da haka ya sa aka shuka, wai ko Allah zai sa. Kwana goma, gona fayau, sai tsiro ɗaya nan ɗaya can.

Kuna tsammani ya yi nadama? Ina! Cewa ya yi, "Iri ne fa kawai. Kasuwar Makarfi cike take da iri." Ya je ya sayo, aka sake shuka. Dawa ta fito kore shar, ya dawo gida yana wa Inna murmushin nasara.

Ita dai cewa ta yi, "Bari wuta-wuta ta farka."

Ta kuwa farka. Kafin dawa ta yi ciki, gonar ta rufe da furen wuta-wuta. Karan ya tsaya iya gwiwa, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Gonar da ke cika rumbu har a kai wa dangi, dami huɗu aka ɗaure a cikinta. A shekarar, gidan Malam da ba a taɓa awo ba, sai ga Inna Sabuwa tana aikawa da kwano a auno mata dawa a kasuwa. Wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ya bi maƙwabta ko wani yana da irin. Kowa ya ce, "Ai kaurar Malam a gidanku kaɗai take." A nan ne jikinsa ya yi sanyi. Ya shiga ɗakin kallo ya kunna majigi, ya zauna a gaban bango, ya kasa gane me ake nunawa.

Ranar Juma'a ya hau mota ya tafi Likoro. Bayan gidan Ummuhani ya tarar da kunya biyar na kaura, an girbe, an ɗaure ƙaramin dami. Zangarniya bakwai ɗin nan ta shuka, ta yi ta gadinsu daga awaki da tsuntsaye damina guda.

Ya durƙusa. "Yaya, na yi kuskure. Ki taimake ni."

"Na kaji ne," in ji ta. "Kai ka ce in kai musu."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba majigin ba ne. Kuɗinka ne, ka saya. Amma tsohuwar nan ta gaya maka da bakinta, ka yi mata dariya a gaban baƙi. Wannan damin ko kwatan gona ba zai shuka ba. Sai an shekara biyu ana tarawa, kuma duk tsawon lokacin awo za ta yi ta yi saboda kai." Ta share ido. "Ba zan ba ka ba sai ka nuna mini inda za ka rataye shi."

Tare suka dawo Ikara. A gaban Inna ya hau tsani ya kwance majigin, ya mayar da shi kwali. Ya ɓamɓare silin da hannunsa. Ƙarfen da aka ɗaure majigin da shi ne ya ƙi fita, sai Ummuhani ta ce a bar shi. A jikinsa ta rataye kaurar.

Inna ta shigo da itace, karo na farko a wata goma sha ɗaya. Ta jera duwatsun murhu a gindin farin bangon nan, ta hura wuta. Hayaƙi ya tashi ya bi fenti yana baƙanta shi.

Zulkifilu ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Matsa, ka tare wa irin hayaƙi."

Darasi: Kafin ka shigo da sabon abu gida, tsaya ka duba abin da za ka fitar don ka ba shi wuri. Abin da kuɗi ya sayo, gobe ma yana nan a shago, amma abin da iyaye suka shekara arba'in suna tarawa, in ya tafi babu inda ake sayar da shi. Kuma in tsohuwa ta ce kar ka taɓa, tambaye ta dalili, kar ka yi mata dariya. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yanzu haka yake shirin fitar da tukwanen uwarsa.