Matar da Ba a Tambaya Ba

Akwai wata malamar makarantar koyon aikin jinya, ta tsufa tana koyarwa har muryarta ta dushe. In aka zo darasin tazarar haihuwa, ba ta farawa da allura ko ƙwaya. Gajeren labari take karanta wa ɗalibai, na wata mace da ta zo asibiti, sai ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, ga ta a gabanku. Me za ku fara tambayarta?"

A ajin akwai wata ɗaliba da ake kira Ƙaramar Likita. Ƙwaƙwalwa kam akwai, amma iyayi ya yi mata yawa.

"Malama, wai tatsuniya muka zo ji ko aiki?"

Malama ta cire tabarau ta murza ido. "'Yata, na gaji da gardama. In ba ki so, ga ƙofa."

Ƙaramar Likita kuwa ta kwashi jakarta ta fice.

Da aka tura su asibiti koyon aiki, rannan layi ya yi tsawo, fanka ta mutu, kowa ya jigata. Sai ga wata mata ta shigo da yara huɗu, ga na biyar a goye. Ko gama zama ba ta yi ba Ƙaramar Likita ta fara zuba.

"Haba baiwar Allah, ai kya tausaya wa jikinki! Akwai allura, akwai ƙwaya, akwai na sawa a damtse. Wanne za a ba ki?"

Matar ta dube ta, idonta ya ciko.

"'Ya'yan yayata ne, Allah ya yi mata rasuwa. Ni ban taɓa haihuwa ba, ciki na shiga sai ya zube. Taimako na zo nema, da ƙyar ma na iya zuwa."

Ta tattara yaran ta fita. Kunya ta daskarar da Ƙaramar Likita, kafin ta bi ta bakin ƙofa matar ta shiga mota.

Wallahi abin ya tsaya mata a rai. Har ta gama makaranta, kullum sai ta leƙa layin nan. Matar ba ta sake dawowa ba.

Darasi: Kowace mace da labarinta take shigowa. Ku tambaya, ku saurara, kafin ku zaɓa mata abin da ba shi ya kawo ta ba. Ku tura wa ma'aikatan jinya da ɗaliban da kuka sani.